Uwar Ƙwaƙwalwa: Asalin Kalmar Dura Mater da Darasinta ga Masu Yaƙi da Sanƙarau

Sabon Birni na Ƙaramar Hukumar Gwarzo, a yammacin Jihar Kano, gari ne na manoma kamar sauran garuruwan yankin. A gari irin wannan akan sami mutum uku waɗanda kowannensu ya san wani abu da ke cikin ƙoƙon kai, amma babu wanda ya san cewa abin nan ne dai sauran biyun suka sani. Na farko mahauci ne. Duk lokacin da ya fasa kan sa ko na rago don ya ciro ƙwaƙwalwa, sai ya ci karo da wani farin tantani mai ƙarfi manne da ƙashi ta ciki. Na biyu malamin zaure ne mai karantar da Risala. Idan ya zo babin diyyar raunuka, zai yi wa ɗalibai bayanin ma'amuma, wato raunin da ya fasa ƙashin kai har ya isa ga abin da Larabawa ke kira ummud dimagi, uwar ƙwaƙwalwa. Na uku kuwa ɗan garin ne da ya tafi Kano karatun likita ko na jinya, ya haddace kalmar dura mater a darasin sassan jiki, ya ɗauke ta a matsayin dukiyar Bature wadda ba ta fassaruwa.

Tarihin kalmar ya nuna cewa wannan ɗalibi ya yi kuskure. Dura mater ta shigo Turanci ne bayan ta ratsa Girkanci da Larabci da Latin, kuma a zangonta na Larabci da na Latin fassara ta aka yi da kalmomin gida. Tun da haka ne, babu dalilin da zai sa tafiyar ta tsaya a bakin ƙofar Hausa, musamman da yake wannan tantani da 'yan'uwansa biyu su ne mazaunin cutar sanƙarau, wadda ƙasar Kano ta daɗe tana ɗanɗana kuɗarta.

Abin da kalmar ke nufi

Ƙwaƙwalwa da laka a naɗe suke cikin tantani uku. Na waje shi ne mai kauri da tauri, wanda mahauci ke gani, shi ne dura mater. Na tsakiya siriri ne mai zare-zare kamar saƙar gizo-gizo. Na ciki kuwa, wato pia mater, ya fi su laushi, kuma yana manne da ƙwaƙwalwa yana bin kowane lungu nata. Tsakanin na tsakiya da na ciki akwai wani ruwa garai-garai da ke kewaya ƙwaƙwalwa da laka yana kare su daga girgiza. A jikin baligi yawansa ya kai kimanin mililita 150, kuma jiki yana samar da wajen mililita 500 a kullum yana sabunta shi.

A Latin, dura na nufin mai tauri, mater kuma uwa. Ita mater tsohuwar kalma ce ta dangin harsunan Indiya da Turai: 'yar'uwa ce ga meter ta Girkanci, da matar ta Sanskirit, da madar ta Farisanci, da mother ta Turanci. To amma a nan ne abin mamakin yake. Romawa, masu harshen Latin, ba su taɓa kiran tantanin ƙwaƙwalwa uwa ba, haka ma Girkawa. Kalmomin na Latin ne, amma tunanin da ke cikinsu daga wani wuri ya zo.

Daga Jalinusu zuwa Bagadaza

Likitan nan na zamanin Rumawa, Jalinusu, wanda aka haifa a shekarar 129 Miladiyya a Fergamon cikin ƙasar Turkiyya ta yau, da Girkanci ya yi rubutunsa. Kalmarsa ta tantani ita ce meninx, kuma ya raba na ƙwaƙwalwa gida biyu: mai kauri da siriri. Babu uwa a cikin zancensa.

A ƙarni na 9, zamanin daular Abbasiyya, aka yi gagarumin aikin juya littattafan Girkawa zuwa Larabci a Bagadaza. Fitaccen mai wannan aiki shi ne Hunainu ɗan Is'haƙa, wanda ya rasu a shekarar 873, ya kuma fassara littattafan Jalinusu masu yawa. Likitocin da suka gaji wannan ilimi sun tarar Larabci yana da tasa kalmar tun da daɗewa. Balarabe yakan kira abin da ya tattara wani abu, ko ya zama tushensa, da sunan uwa. Shi ya sa ake kiran Makka Ummul Ƙura, uwar alƙaryu, ake kuma kiran abin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa ummud dimagi ko ummur ra'asi. Daga wannan ummu ɗin ce aka sami sunan ma'amuma, raunin da Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Risala suka yanke wa sulusin diyya. Sai likitocin suka ɗora bayanin Jalinusu a kan kalmar kakanninsu, suka kira tantanin waje al-ummul jafiya, uwa mai kaushi, na ciki kuma al-ummur raƙiƙa, uwa siririya.

Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin shi ma haka yake yi da kalmar uwa. Yana da uwar garke da uwar ɗaka da uwar kuɗi, har yakan ce ɗan kasuwa ya yi asarar uwa da riba.

Daga Larabci zuwa Latin

A ƙarni na 10 wani likita Bafarishe, Ali ɗan Abbas al-Majusi, ya rubuta babban littafin likitanci mai suna Kamilus Sina'atiɗ Ɗibbiyya, wanda aka fi sani da Kitabul Maliki. A ƙarni na 11 wani mutumin Afirka ta Arewa, wanda Turawa ke kira Kustantin Ba'afirke, ya ƙetara zuwa Salerno a Italiya, daga baya ya zama rahibi a gidan zuhudu na Monte Kasino, inda ya juya wannan littafi zuwa Latin. Kustantin ya fito ne daga yankin Tunisiya ta yau, ƙasar da Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, ya rayu har ya rasu a shekarar 996. A shekarar 1127 kuma wani mai suna Istifanus ya sake fassara littafin a Antakiya. Ta hanyar waɗannan fassarori ne al-ummul jafiya ta zama dura mater, kalma da kalma.

Masana kimiyyar harshe suna bambanta aron kalma da aron ma'ana. A aron kalma, sautin ake ɗaukowa a gyara shi, kamar yadda Hausa ta sami asibiti da likita daga Turanci. A aron ma'ana kuwa, tunanin ake ɗaukowa a sa masa rigar gida, kamar yadda aka sami yanar gizo. Dura mater aron ma'ana ce. Wajen shekarar 1400 ta bayyana a littattafan tiyata na Turanci, kuma 'yar'uwarta pia mater ta shahara har Shakespeare ya yi amfani da ita a wasanninsa da ma'anar ƙwaƙwalwa. A shekarar 1543 masanin sassan jiki Andreas Vesalius ya fifita komawa ga tsarin Jalinusu na tantani mai tauri da tantani siriri, amma uwar Larabawa ta riga ta zauna daram. Tantanin tsakiya ne kawai ya sami sunan Girkanci, arachnoid, mai kama da saƙar gizo-gizo, bayan da Gerard Blasius ya bayyana shi a Amsterdam a shekarar 1664. Ita kuma meninx ta Jalinusu ta dawo a farkon ƙarni na 19 cikin kalmar meningitis, wato kumburin tantanin ƙwaƙwalwa.

Kura-kurai biyu

Wannan doguwar tafiya ba ta rasa tuntuɓe ba, kuma ya kamata duk mai son fassara ya san da haka. Raƙiƙa a Larabci na nufin siririya, amma kuma tana iya nufin mai taushin zuciya. Mai fassara ya zaɓi pia, wadda a Latin ke nufin mai tausayi da biyayya. Ta haka tantani siriri ya koma uwa mai tausayi. Abin ban sha'awa shi ne, a littattafan likitanci na Larabci na yau sunan wannan tantani al-ummul hanun, uwa mai jinƙai. Wato kuskuren ya je Turai ya yi ƙarnoni, ya dawo gida aka karɓe shi.

Kuskure na biyu ya fi kusa da batun sanƙarau. Larabawa na kiran laka nukha'u. Masu fassara sun ari sautin kalmar zuwa Latin, ta zama nucha, da ma'anar laka. Da tafiya ta yi tafiya, ma'anar ta zame ta koma bayan wuya, kuma ana danganta wannan da kamanninta da wata kalmar Larabci, nuƙra, wadda ke nufin kwarmin ƙeya. Daga nan Faransanci ya sami nuque, Turanci kuma ya sami nuchal, kalmar da likita ke rubutawa idan ya tarar wuyan majiyyaci ya sanƙare. Darasin a fili yake. Kalmar da aka fassara ta karkace kaɗan, amma ba ta bar wurinta ba. Wadda aka ari sautinta ba tare da fahimta ba kuwa, ta tashi daga wata gaɓa ta koma wata dabam. Saboda haka aro ba shi ne ke tabbatar da daidaito ba.

Inda batun ya shafi rai

Ƙasar Kano tana cikin yankin da likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana a shekarar 1963, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, inda annobar sanƙarau kan tashi da rani, lokacin ƙurar hunturu da zafin bazara, ta lafa idan damina ta sauka. Ƙwayar cutar da ke haddasa annobar, wadda Anton Weichselbaum ya gano a Biyana a shekarar 1887, tana zama a maƙogwaro da hanci, tana yaɗuwa ta tari da atishawa, musamman a ɗakin da aka cunkushe babu iska. A shekarar 1996 annobar ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Allurar rigakafin MenAfriVac, wadda aka fara a Burkina Faso a shekarar 2010, a Nijeriya kuma a 2011, ta karya lagon jinsin ƙwayar da ya yi ɓarnar 1996. Amma a shekarar 2017 wani jinsin ya tashi a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu. A shekarar 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga jinsi biyar. Duk da wannan ci gaba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutum 6 da suka kamu da sanƙarau na bakteriya 1 yakan rasu, cikin 5 kuma 1 yakan tashi da nakasa kamar kurumta. Cutar tana iya kashewa cikin kwana guda.

Sanƙarau suna ne mai kyau. Daga sanƙarewa aka ƙera shi, kuma ya kama babbar alamar cutar a jikin manya da yaran da suka tasa. Sai dai sunan wuya yake nunawa, alhali kuwa ciwon a tantanin ƙwaƙwalwa da laka yake. Wuya yana sanƙarewa ne domin lanƙwasa shi yana jan tantanin da ya kumbura, sai jiki ya ƙi. Wannan bambanci yana da muhimmanci a wurare biyu.

Wuri na farko shi ne jarirai. Sau da yawa wuyan jariri ba ya sanƙarewa ko da cutar ta kama shi. Alamominsa su ne zazzaɓi, da ƙin mama, da kuka mai ƙara ba ƙaƙƙautawa, da yawan barci ko saki na jiki, da jijjiga, da kuma kumburin maɗiga. Uwar da aka koya wa cewa sanƙarau ciwon wuya ne za ta taɓa wuyan ɗanta ta ji shi lafiya lau, ta ci gaba da jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, alhali daga ƙauyen Sabon Birni zuwa babban asibitin Gwarzo ma tafiya ce mai cin lokaci da kuɗi, kuma kowace sa'a tana da daraja. Wadda aka faɗa wa cewa ciwon kumburin tantanin ƙwaƙwalwa ne za ta gane da kanta abin da ya sa maɗiga ta tasa: a nan ne ƙashi bai rufe ba, nan ne kumburin ciki zai nuna.

Wuri na biyu shi ne gwaji. Ana tabbatar da cutar ne ta hanyar ɗibar ruwan nan daga ƙasan baya da allura, dabarar da Heinrich Quincke ya fito da ita a Jamus a shekarar 1891. Iyaye da yawa suna tsoron wannan gwaji, suna ganin allurar za ta taɓa laka ta shanye wa yaro ƙafafu. Wasu kuma sukan tambaya, ciwo yana kai, me ya kawo allura a baya? Amsar tana cikin tsarin tantanin: jaka ɗaya ce daga kai har ƙugu, ruwa ɗaya ne a cikinta. Lakar baligi kuma tana ƙarewa ne a daidai gaɓa ta farko ko ta biyu ta ƙashin ƙugu, ta jariri ta ɗan fi sauka kaɗan, kuma ƙasa da nan ake sa allurar. Wannan bayani ba ya cin minti biyu, amma sai ma'aikacin lafiya yana da kalmomin yin sa da Hausa.

Abin da masu adawa ke cewa

Akwai masu ganin cewa fassara irin waɗannan kalmomi ɓata lokaci ne, kuma hujjarsu tana da nauyi. Sun ce likitanci sana'a ce ta duniya, dole likitan Kano ya fahimci na Alƙahira da na Landan. Wannan gaskiya ne, kuma saboda haka ne masana suka daidaita sunayen sassan jiki da Latin a birnin Basel a shekarar 1895, aka kuma sabunta jerin a shekarar 1998. Babu mai cewa ɗalibin Jami'ar Bayero ko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya yar da dura mater. Amma shi kansa jerin an tsara shi ne a kan kowace al'umma ta ajiye nata kalmomin gefen na Latin. Bajamushe likita yana rubuta Latin a takarda, amma sunan cutar a bakinsa da bakin manomin ƙasarsa kalmar Jamusanci ce wadda ma'anarta ita ce kumburin fatar ƙwaƙwalwa. Wannan bai rage wa likitancin Jamus komai ba.

Wasu kuma sun ce Hausa ba ta da kalmomin. Wannan magana ba ta tsayawa a gaban teburin mahauci. Ƙwaƙwalwa, laka, tantani, ƙeya, maɗiga, ƙoƙon kai, duk suna bakin mutane. Abin da ya rage shi ne a zaɓa, a daidaita, a koyar. Irin wannan aiki ba sabo ba ne a Hausa. Ƙamusun Bargery na shekarar 1934 ya tattara ɗimbin kalmomin jiki, kuma Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a shekarar 2006.

Hujja ta uku ita ce tsoron kuskure irin na pia mater. Maganin wannan shi ne kada a bar aikin ga mutum ɗaya. Kustantin rahibi ne da ke aiki da littafi a gabansa. A yau ana iya zaunar da masanin sassan jiki da masanin harshe da malamin Larabci wuri guda, a kuma gwada abin da suka fitar a kan mutanen da aka yi dominsu.

Shawara

Ga abin da ya dace a yi. Sanƙarau ya ci gaba da zama sunan cutar, amma a kowace sanarwa ta rediyo da kowace lacca ta ranar awon ciki ko rigakafi, a riƙa haɗa shi da fassararsa: kumburin tantanin ƙwaƙwalwa. Tantanin uku kuma a kira su tantani mai kauri, da tantanin yana, da tantani mai laushi, ruwan da ke tsakaninsu kuma ruwan laka. Wannan ya koma ga tsarin Jalinusu, ya kuma kauce wa kuskuren uwa mai tausayi. Uwar ƙwaƙwalwa tana da amfaninta a zaure, inda malamai suka riga suka san ta daga fiƙihu, domin ta nan ne limami zai iya gane bayanin likita har ya isar da shi ga jama'a ranar Juma'a.

Kafin a buga waɗannan kalmomi a littafi, a kai su kasuwannin Gwarzo da Getso da Kabo, a ji abin da mahauta da wanzamai da maɗora da ungozomai ke kiran waɗannan sassa, a ga wace kalma ce mai sauraro ke ganewa ba tare da ƙarin bayani ba. Daga nan a shigar da su cikin manhajar makarantun jinya da na fasahar lafiya, inda ake horar da ma'aikatan da ke zama a ƙananan asibitocin karkara, domin su ne ke fara ganin yaro mai zazzaɓi.

Kalmar da ta faro daga Fergamon ta sami sabuwar riga a Bagadaza, ta sake wata a Monte Kasino, domin masu ilimin kowane zamani sun ga wajibi ne mutanensu su fahimci abin da ake faɗa. Ɗalibin Sabon Birni da ya haddace dura mater magajin wannan aiki ne, kuma zangon da ya rage nasa ne. Ranar da zai iya tsayawa gaban uwar jariri a watan Maris, ana tsakiyar zafi, ya faɗa mata da Hausa abin da ke ƙarƙashin maɗigar ɗanta da dalilin da ya sa ba za a jira wayewar gari ba, ranar ce karatunsa ya iso gida.